Hujin da ke cikin hancina

Jiya na koma wurin likitan hanci. Ya haska ciki, ya ce hujin bai ƙaru ba. Alhamdu lillahi.

Da yawanku ba ku san guringuntsin da ya raba ƙofofin hancina ya huje ba. Maganin kashe ciwo aka rubuta mini da na karye. Ƙafa ta warke, ni ban rabu da ƙwayar ba, har na koma shaƙar garinta. Haɓo ya fara, sai toshewar hanci, sai busasshen jini mai wari da nake ɓamɓarowa kowace safiya. Na ce mura ce. Wace irin mura ce ba ta tafiya?

Likita ya ce don haɗiya aka yi ƙwayar, ba don shaƙa ba. Garin da ake haɗa ta da shi yana gurje fatar cikin hanci har jini ya daina isa guringuntsi, naman ya mutu. Wasu har ganɗarsu ke hujewa, wasu garin ya sauka huhu.

Wata 8 ke nan da na daina, da taimakon asibiti. Har yau ban cika jin ƙanshi ba, kuma in na kwanta da dare, hancin fito yake yi.