Wa ka ba aikin kujerun?

A shekarata ta biyu ta karatun wasan kwaikwayo a Amurka, malamar da ke koya mana ba da umarni ta rubuta wani adireshi a allo, ta ce kowa ya je can ranar Asabar da dare, ya kawo mata shafi uku kan abin da ya gani. Gida ne mai suna Oberon da ke titin Arrow a lokacin, kusa da dandalin Harvard a garin Kambirij na jihar Massachusetts. Na saka rigata ta kirki, na ɗauki biro da ɗan littafi. Sai da na hango layin mutane a bakin ƙofa, wasu da gashin kanti mai tsayi, wasu da wando mai faɗin ƙafa irin na hotunan iyayenmu, sannan na gane gidan rawa aka aike ni.

Wasan sunansa The Donkey Show, wato wasan jaki. Diane Paulus da mijinta Randy Weiner ne suka ƙirƙire shi. A 1999 ya samu mazauni a wani gidan rawa da ake kira El Flamingo a New York, ya yi shekara shida ana yi. Da aka ba Paulus shugabancin gidan wasan American Repertory Theater, sai ta farfaɗo da shi a Kambirij a 2009, bai tsaya ba sai 2019. Tushensa wasan Shakespeare ne, A Midsummer Night's Dream, mafarkin wani dare a tsakiyar bazara, wanda aka rubuta wajajen 1595. A can asali, masoya huɗu ne suka faɗa daji cikin dare, sarkin aljanu Oberon yana rikici da matarsa Titania, ya sa yaronsa Puck ya samo ruwan wani fure da ake ɗiga wa mai barci a ido, in ya farka duk abin da ya fara gani shi zai so. Haka sarauniya guda ta farka ta mace a kan wani masaƙi da aka mayar wa kai na jaki.

Su Paulus sun ɗauke dajin sun ajiye gidan disko na shekarun 1970 a madadinsa, kwatankwacin Studio 54 da aka buɗe a New York a 1977. Oberon ya zama mai gidan. Puck ya koma wani Dakta Wheelgood da ke yawo cikin mutane a kan takalmi mai taya. Ruwan fure ya zama ƙwaya. Masaƙin nan an raba shi biyu, wasu samari masu suna ɗaya, Vinnie da Vinnie. Mata ne kuma ke fitowa a matsayin samarin, akasin zamanin Shakespeare da yara maza ke sa kayan mata. Baitocinsa kusan duk an zubar. Waƙoƙin disko da kowa a ɗakin ya haddace su ke ɗauke da labarin, kai kuma mai kallo kana tsaye a filin rawa, 'yan wasan suna gogar kafaɗarka suna wucewa.

Ba zan ɓoye ba, na takura. Ana sayar da giya, kayan masu rawar ba su rufe wani abin kirki ba, ga ƙara kamar za a tsaga kunne. Na samu wani ginshiƙi na jingina, biro a hannu, kamar ɗan sandan ciki. Washegari da na ba yayana labari a waya, dariya ya yi ta yi.

"Kai yanzu kuɗin tallafin karatun a gidan disko za ka ƙarar da shi?"

"Yaya, wallahi aiki aka ba mu."

"To Allah ya ba da sa'ar aiki. Kada dai Inna ta ji."

Shafi ukun da na rubuta, in na tuna su yau kunya nake ji. Na ce wannan ba wasan kwaikwayo ba ne, biki ne aka liƙa wa sunan Shakespeare don a sayar da tikiti. Na ce babu wata fasaha a ciki, an dai kwashe kujeru an kunna kiɗa an bar mutane sun yi abin da suka ga dama. Har na ƙara da cewa mu a gida mun fi ƙarfin wannan, tunda tun muna yara muke tashe da azumi, mai kallo yana amshi, babu wanda ya taɓa kiran abin sabuwar fasaha. Malamar ba ta yi musu da ni ba. Ta rubuta a ƙasan takardar cewa tunda abin mai sauƙi ne, aikina na ƙarshen zango shi ne in yi irinsa, minti ashirin, dare biyu.

Na zaɓi wurin da masoya huɗun ke faɗa a daji, inda samarin biyu suka koma kan yarinyar da a da babu mai sonta, ita kuma take zaton ba'a ake yi mata. Na samu 'yan wasa huɗu, ɗakin gwaji na makarantarmu, sifika biyu, da ƙwallon madubi na aro. Muka yi mako biyar muna gwaji a ɗaki wayam, komai yana tafiya sumul. Ranar wasa muka fitar da kujerun waje muka jera su a baranda. Mutum kusan sittin suka zo.

Suna shigowa suka manne da bango. Dukansu. Filin da na tanada don rawa ya zauna fanko a tsakiya kamar an yi shara, kowa ya rungume hannu yana jiran a fara, alhali a lissafina an riga an fara. Da 'yan wasan suka kutsa cikinsu sai aka dunƙule wuri ɗaya, dogaye a gaba, sauran suna kallon ƙeya. Lokacin da aka ɗiga wa saurayi na biyu maganin a ido, wanda shi ne mabuɗin duk rikicin, rabin ɗakin suna kallon wata kusurwa inda wani ke ɗaure igiyar takalmi. Na bar baitoci da yawa don ina ganin girmansu, kiɗa ya haɗiye su. Sai kuma abin da ya fi ci mini rai. Na umarci ɗaya daga cikin 'yan wasan ya jawo duk wanda ya fi kusa da shi cikin rawa. Ya kamo hannun wata mata mai kimanin shekara sittin, ta ja baya, ya ɗauka wasa ne ya ƙara ja, mutane suka yi tafi. Ta yi taku biyu fuskarta a ɗaure, ta zare hannunta, ta ɗauki jakarta ta fita.

Bayan an watse malamar ta same ni ina naɗe waya. Ta ce, "Na ga ka kwashe kujeru. Wa ka ba aikinsu?"

Ban taɓa tunanin kujera tana aiki ba. Amma ita ce ke juya fuskar mutum inda ake so ya kalla. Ita ce ke jera gajere da dogo yadda kowa zai gani. Tana raba hanyar ɗan wasa da ƙafar mai kallo. Tana kuma yi wa mai kunya alkawari cewa muddin yana zaune a kanta babu mai taɓa shi. Duk wannan tana yi shiru, kyauta, ni kuma na kore ta ban ɗauki ma'aikaci ko ɗaya a gurbinta ba.

Akwai mako guda tsakanin daren farko da na biyu. Ranar Asabar na koma titin Arrow da kuɗin aljihuna, na ƙudurta ba zan kalli labarin ba, ma'aikata zan kalla. Wasan ashe tun daga layi yake farawa, 'yan wasa suna fitowa suna tsokanar masu jira, ta yadda kafin ka shiga ka riga ka san wane irin gida ne da yadda ake zama a cikinsa. Wannan ma daga Studio 54 aka gado shi, inda Steve Rubell, ɗaya daga masu gidan, ya yi suna wajen tsayawa a ƙofa yana zaɓen wanda zai shiga. A ciki kuwa, kafin labari ya motsa an daɗe ana kiɗa, masu rawa a kan akwatuna suna nuna wa jama'a da jikinsu cewa an halatta. Duk wani abu mai muhimmanci a sama yake faruwa, a kan akwati ko matakala ko baranda, inda na bayan ɗaki ma zai gani. In za a tura akwati ta cikin taro, akwai masu buɗe hanya da tafin hannu a hankali, kana matsawa ba ka ma san an matsar da kai ba. Fitila tana mutuwa a nan ta kama a can, kawuna su juya gaba ɗaya kamar an ja su da zare. Akwai kuma tebura a gefe ga wanda ya sayi tikitin zama. Ni da na ce an bar mutane sun yi abin da suka ga dama, sai na ga ban taɓa shiga ɗakin da aka sarrafa ni kamar wannan ba.

Kiɗan kansa ma'aikaci ne. Gangar disko tana dukan kowane taku, huɗu huɗu, wajen bugu 120 a minti, ba ta sauri ba ta lafawa. Wanda bai iya rawa ba ma zai iya gyaɗa kai a kanta, shi ya sa baƙi ɗari za su iya motsi tare ba tare da an koya musu komai ba. Ga 'yan wasa kuma agogo ce: in an ce ka isa matakala a amshi na biyu, amshi na biyu ba ya jiran kowa. Kuma galibin waƙoƙin magana ɗaya suke yi, kada ka bar ni, ina sonka, na warke daga sonka, wadda ita ce maganar masoya huɗun nan in aka cire mata ado. Mutanen da suka taru a filin wasa na Comiskey a Shikago a watan Yulin 1979 suka tarwatsa tarin fayafayan disko don sun ce kiɗan banza ne, da sun san zai dawo yana ɗauke da Shakespeare a kai, ban san me za su ce ba.

Ina tsaye a wurin sai filin dambe na garinmu ya faɗo mini a rai. Mu yara muna matsowa, da'ira tana tsukewa, sai wani mutum ya zagayo da reshe yana kaɗa ƙasa kusa da ƙafafunmu, fili ya sake buɗewa. Ga sanƙira yana kwarzanta wanda zai shigo, kowa ya san inda zai kai ido. A tashe ma amshin da nake taƙama da shi, ai mun haddace shi ne tun kafin mu yi wayo. Na girma a cikin wannan tsari, ban taɓa lissafa mai reshen nan cikin masu wasa ba. Na yi ta buga ƙirji da gadon da ban duba yadda aka ɗinka shi ba.

A dare na biyu na aro akwatunan katako uku daga ɗakin kafinta. Na roƙi abokan karatu takwas su zo da wuri su fara rawa a tsakiya kafin a buɗe ƙofa. Biyu daga cikinsu aikinsu kawai buɗe hanya. Na yanke baitocin har suka rage 'yan kaɗan, kuma duk inda za a faɗe su sai an kashe kiɗa ɗif, shirun da kansa ya sa a saurara. Wurin ɗiga magani na ɗora shi a kan akwati mafi tsayi, fitila ɗaya tak a kunne. Muka kuma yi doka: ɗan wasa zai miƙa tafin hannu a buɗe, ya ƙirga uku a zuci, in ba a ɗora hannu a kai ba ya yi murmushi ya wuce. Babu kamu, babu ja.

Ya yi kyau, ba wai ya zama abin tarihi ba. An yi dariya a inda nake so a yi, kuma da yarinyar ta hau akwati tana zargin ƙawarta da haɗa baki a yi mata ba'a, wani daga cikin taron ya yi mata ihun goyon baya, wasu suka amsa. Malamar ta ce wannan ihun ya fi kusa da gidan wasan Globe na su Shakespeare a 1599, inda masu biyan kobo ɗaya ke tsaye a tsakar gida da rana tsaka suna mayar wa 'yan wasa magana, fiye da ɗakunan duhu da muke zama a ciki yau kamar masu zaman makoki.

Har yanzu ban janye duk abin da na rubuta a shafi ukun nan ba. Akwai asara a wannan salon. Maganar da masaƙin ke yi in ya farka, yana laluben yadda zai faɗi mafarkin da ya fi ƙarfin bakinsa, tana cikin abin da na fi so a duk rubutun Shakespeare, kuma babu waƙar disko da za ta ɗauke ta. Wanda ya fito daga titin Arrow ya san wa ya so wa, amma bai ji wannan ba. Gidan rawa kuma har gobe ba wurina ba ne. Abin da na janye shi ne cewa babu fasaha a ciki.

Matar da ta fita ban sake ganinta ba. Na tambayi wanda ya gayyace ta, ya ce maƙwabciyarsa ce, tana fama da ciwon gwiwa, ta zo ne don an ce mata wasan Shakespeare za a yi. Na rubuta mata takardar ban haƙuri na ba shi ya kai, ba ta ba da amsa ba. A daren na biyu, kafin a buɗe ƙofa, na fita baranda na ɗebo kujeru goma sha biyu daga cikin waɗanda na kora, na jera su a jikin bango inda ake ganin akwatunan uku. Bakwai aka zauna a kai. Wani dattijo ya zauna har kusan ƙarshe, sannan ya miƙe da kansa, ya rataye kwat ɗinsa a bayan kujerar ya shiga fili.