Gogen da na ɓoye a gaban fiyano

Ƙannena masu koyon kiɗa, da ku da kuka fara koyar da shi, ina so in ba ku labarin wata malama 'yar ƙasar Faransa mai suna Nadia Boulanger, domin da na san tarihinta tun ina saurayi, da ban cuci kaina da wani ɗalibina ba.

An haife ta a birnin Paris a shekarar 1887, ta yi karatu a babbar makarantar kiɗa ta birnin a hannun mai tsara kiɗa Gabriel Fauré, kuma burinta na farko shi ne ta yi suna wajen tsara kiɗa. Ƙanwarta Lili, wadda ita ce mace ta farko da ta ci gasar tsara kiɗa ta Prix de Rome a 1913, ta rasu a 1918 tana da shekara 24. 'Yan shekaru bayan wannan rashi Nadia ta daina tsara nata kiɗan, ta duƙufa ga koyarwa a gidanta da kuma makarantar Fontainebleau da aka buɗe wa ɗaliban Amurka a 1921, har kusan rasuwarta a 1979. Aaron Copland da Quincy Jones, shahararrun masu tsara kiɗa 'yan Amurka, duk sun ɗauki karatu a wajenta.

Wanda labarinsa ya fi sosa mini rai shi ne Astor Piazzolla, mutumin Ajantina, da ya je wajenta a 1954. A ƙasarsu ya yi shekaru yana kiɗan tango a gidajen rawa da bandoniyon, wani abin kiɗa da ake matsawa ana buɗewa kamar zugazugin maƙeri, amma da ya isa Paris sai ya ɓoye wannan, ya miƙa mata takardun kiɗan da ya tsara irin na Turawa. Ta duba, ta yaba da tsarin, sai dai ta ce ba ta ga shi kansa a ciki ba. Ta matsa masa da tambaya har ya faɗi abin da yake jin kunya, ta sa ya buga mata tangonsa a fiyano, nan take ta ce masa wannan shi ne Piazzolla na gaskiya, kada ya rabu da shi. Ya koma gida ya sabunta tango, kuma da shi duniya ta san shi.

Ni kuwa kawuna mai goge ne, a gefensa na girma, kuma kun san irin kallon da ake yi wa gidan makaɗa a ƙasar Hausa. Da na shiga kwaleji na fara koyon fiyano da karatun rubutun kiɗa, ban taɓa gaya wa malami ko aboki cewa na iya riƙe izga ba, na bar gogen har hannuna ya manta da shi. Wannan kuskure a kaina ya tsaya. Na biyun ne yake damuna har yau. Ina koyarwa a wata makaranta, sai na shiga aji na tarar da wani yaro mai kunne ƙwarai yana lalubo wani taken kalangu a kan fiyano da yatsa biyu, kuma ya kusa kama shi daidai. Na daka masa tsawa a gaban 'yan'uwansa, na ce nan ba gidan biki ba ne. Bai sake taɓa fiyanon ba sai an tilasta masa, kuma da zangon karatu ya ƙare ya bar darasin. Kunyar da nake ji ta asalina ce na sauke a kan ɗan mutane.

Kada wani ya ɗauka cewa ina nufin a yi watsi da horo. Boulanger malama ce mai tsanani. Philip Glass, mai tsara kiɗa ɗan Amurka, ya riga ya gama makarantar kiɗa ta Juilliard da ke New York lokacin da ya je wajenta a 1964, amma ta mayar da shi kan darussan farko na haɗa sautuka, yana yi tana gyarawa. Don haka ku koyi karanta rubutun kiɗa da kyau, ku motsa yatsunku kullum ko da rabin awa ne, ku yi haƙuri da maimaita abu ɗaya har ya zauna. Amma duk abin da kuka taso da shi, kukuma ne ko garaya ko waƙar daka da kuka ji a bakin mahaifiyarku, ku nuna wa malaminku shi tun a makon farko. Ku kuma masu koyarwa, kafin ku buɗe littafi ku tambayi yaro abin da yake bugawa idan babu mai kallonsa, ku zauna ku saurara har ya gama.

Gogen kawuna yana rataye yanzu a ɗakin da nake koyarwa. Sai da na haura shekara 50 sannan na sa aka canja masa fata da tsirkiya, na nemi wani dattijo yana zuwa kowace Asabar yana sake koya mini, ɗalibaina suna zaune suna kallo.