Tokyo tana cika, ƙauyukan Japan suna tsufa

Duk lokacin da na duba lamarin tsufan al'ummar Japan, abin da ya fi damuna shi ne yadda nauyin ya rabu tsakanin birni da karkara. Kusan kashi 29 cikin ɗari na 'yan ƙasar sun kai shekara 65, amma a lardin Akita da ke arewa adadin ya kusa kashi 40, domin matasa suna gama sakandare sai su nufi Tokyo neman karatu da aiki, kaɗan ne ke komawa gida.

Ƙidayar gidaje ta 2023 ta samu gidaje miliyan 9 da babu kowa a cikinsu. A ƙauyen Nagoro da ke tsibirin Shikoku, an rufe makarantar firamare saboda rashin yara, aka zaunar da mutum-mutumi na tsumma a kujerun ajin.

Ita kuwa Tokyo, wadda ke kwashe matasan, ita ce ta fi kowane lardi ƙarancin haihuwa idan aka duba matsakaicin yawan 'ya'yan da kowace mace ke haifa, saboda tsadar haya, matsatsin ɗakuna da dogayen sa'o'in aiki. Gwamnatin Shinzo Abe ta ƙaddamar da shirin farfaɗo da yankuna a 2014, duk da haka kwararar ba ta tsaya ba.