Ɗakin da Babu 'Yan Jere

Ranar da maigidan ya buɗe min ƙofar gidanmu a Dortmund, na zaci ɓatan kai muka yi. Fili fetal. Bango fari tas kamar na asibiti, wayoyin lantarki na reto daga sama, ko ƙwai babu. Na leƙa kicin, ba murhu, ba wurin wanke-wanke, sai bakin bututun ruwa da ya leƙo daga bango. Ashe haka ake ba da hayar gidaje da yawa a Jamus: mai tashi ya kwance kicin ɗinsa ya tafi da abinsa, mai shigowa ya zo da nasa. Ga kuɗin ajiya na wata uku, wanda suke kira Kaution, ya lashe abin da muka tanada don kayan ɗaki. Sati biyu muka yi muna kwana a kan katifa a ƙasa.

Ni kuwa a Zariya aka yi min jere, kuma duk wadda aka yi wa ta san amarya ba ta da ta cewa. Gwaggona da tawagarta suka tafi tun da hantsi, suka kafa gado, suka jera kwanuka a durowar gilas, suka rataya labule ruwan gwal mai nauyin bargo. Da dare aka kai ni, na tarar da komai a mazauninsa. Dangin miji sun yaba, dama don su aka yi. Ba wanda ya tambaye ni kalar da nake so, ni ma ban taɓa tambayar kaina ba.

To ga ni yanzu, ɗaki nawa, babu gwaggo.

Da farko gida na so in kwaikwaya. Na samo wata shirgegiyar kujera ta hannu a Kleinanzeigen, shafin intanet na saye da sayarwa, sai da maza huɗu suka yi gumi kafin ta hau bene hawa na uku, ta zo ta cinye rabin falon. Na ɗinka labule mai kauri har ƙasa. A watan Disamba kuwa rana ba ta kaiwa huɗu da rabi ta faɗi, ɗan hasken da ake samu ma labulena ya tare shi. Ya kuma rufe hitar da ke ƙarƙashin taga, ɗumi na tafiya bayan labule, mu muna rawar ɗari. Da fumfuna ta fara fitowa a kusurwar bango, wata dattijuwa maƙwabciyata ta koya min buɗe tagogi gaba ɗaya na 'yan mintuna safe da yamma, komai sanyi. Na sauke labulen ina jin kamar na ci amanar wani.

Daga nan na koma kwaikwayon Jamusawa. Na je kantin kayan ɗaki na IKEA na kwaso fari da ruwan toka. Ɗaki ya yi tsaf, amma in na zauna sai in ji kamar layin ganin likita nake jira. Na zagaya da Umma ta waya ta gani, ta yi shiru, can ta ce, "Wai har yanzu ba ku gama shigo da kayan ba ne?"

Zuwana gida na farko ne ya raba gardama. Jaka biyu aka yarje min, kowace kilo 23, sai ka ga mutum ya san abin da yake so tun da ba zai iya ɗaukar komai da komai ba. Na bar dinasét ɗin aurena ko kallonsa ban yi ba. A Kasuwar Kurmi na sayi faifai bakwai da tumtum biyu na fata, ba a cusa musu komai ba, suka naɗe kamar zane. A Ƙofar Mata na ɗauki yadin rini, shuɗi mai duhu. Sai wata tsohuwar tasa ta kakata wadda kowa ya manta da ita a sito.

Tumtum ɗin da tsofaffin rigunan sanyi na cusa su. Yadin na shimfiɗa a kan kujerar nan ruwan toka, nan take ta zama ta mutane. Faifan kuma sun jawo min magana, don ranar Lahadi na kunna injin huda bango, ban san ranar hutu ce da ba a son ƙara ba. Minti biyar ba a yi ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Turaren wuta ma sai da na koyi zama da shi: rana ta farko da na sa garwashi a kasko, na'urar gano hayaƙi ta ƙwala ihu har yaran ƙasa suka fito. Yanzu kaskon lantarki nake sawa, kusa da taga.

Abin da ya ba ni mamaki, ashe ni mai son fili ce. Ina son tsakiyar ɗaki a buɗe, a shimfiɗa tabarma a ci tuwo a ƙasa, kuma ba na son kwanon da ba a cin abinci a cikinsa. Da a Zariya ne ba zan iya faɗin haka a gaban gwaggo ba.

Rannan ta kira, na nuna mata bangon faifan. Ta matso da fuskarta jikin waya ta daɗe tana dubawa. "Yo 'yar nan," in ji ta, "marufin kwano kika rataye a bango, kwanukan fa suna ina?"