Yadda na zaɓi kayan kwamfutar gem ɗina, wadda nake rikodin da ita

Abokaina da ke ganin bidiyon eFootball da GTA V ɗin da nake ɗorawa sun ishe ni da tambayar wace kwamfuta ce wannan, to bari in yi bayani sau ɗaya kowa ya huta. Ba shiryayya na saya ba, ɗaya bayan ɗaya na tattara kayan ina haɗa kuɗi ina saya, wasu a Beirut Road nan Kano wasu kuma aka turo min daga Computer Village ta Ikeja. Farashi kam ba zan faɗa ba, don kafin ka gama karantawa dala ta motsa.

Abin da na fara tsayarwa shi ne girafik kad, wato ɓangaren da ke sarrafa hoton da kake gani a allo, kuma kusan rabin kuɗin nan ya tafi. Yawancin mutane furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, suke fara tambaya, i7 ce ko i9, alhali in dai gem za ka buga kana rikodin lokaci guda to kad ɗin ne ke ɗaukar kayan. Dalili kuwa, OBS, wato manhajar kyautan nan da kusan kowa ke rikodin da ita, tana da hanyoyin matse bidiyo, ga biyu daga ciki. In ka sa ta a x264 furosesa ce za ta yi aikin, ga gem yana jan ta ga rikodin yana jan ta, sai ka ga hoto yana tsinkewa daidai lokacin da za ka ci ƙwallo. In kuma ka zaɓi NVENC, akwai wani ɗan sashe daban a cikin kad ɗin Nvidia da ba shi da wani aiki sai wannan, gem ɗinka ko a jikinsa. Shi ya sa na ɗauki RTX 3060 mai 12GB. A kula fa, akwai 3060 mai 8GB da aka fitar daga baya, suna ɗaya amma ba ta kai waccan gudu ba. RX 6600 ta AMD ta fi araha kuma gem lafiya lau take bugawa, ni dai NVENC ɗin ne ya ja ni. Wanda zan ce kar mai niyyar rikodin ya kusanta su ne GT 1030 da RX 6500 XT, don su biyun ba su da wannan sashen na matse bidiyo gaba ɗaya, ko da arha ta kai ta kyauta.

Af, wani ya ce min dole sai na sayi kafcha kad. Babu wani dole. Wannan na mai PS5 ne ko Xbox da yake son jawo hoton zuwa kwamfuta, ko mai kwamfuta biyu. In a kan kwamfuta ɗaya kake komai ajiye kuɗinka ka sayi makirfo mai kyau, mutane sun fi haƙuri da hoto mai ɗan dishi a kan murya mai ƙara kamar daga cikin rijiya.

Kad ɗin nawa na hannu ne, ba sabo ba. Tun da aka daina haƙo kuɗin intanet na Ethereum da girafik kad a Satumbar 2022 kasuwa ta cika da waɗanda suka sha aiki dare da rana, to ban biya ba sai da na sa mai shagon ya jona shi a gabana, muka buɗe manhajar GPU-Z mai nuna bayanan kad na ga sunansa da girman memori sun yi daidai da na jikin kwali, muka saki FurMark mai gwada juriyar kad ya ɗan jima yana gudu ina kallon zafinsa, na kara kunne kusa da fankokin ko akwai mai gurnani, na kuma duba ƙananan sukurorin baya ko an taɓa kwance su. Fuskar mai shagon ta ɗan canza amma kuɗina ne ai.

Furosesa Ryzen 5 5600 na sa, mai kwa 6, ta zo da fankarta a kwali, a kan madabod B550, wato babban faifan da ake jona duk kayan a kansa. Ba ta da girafik na kanta, don haka wayar HDMI a jikin kad ake jonawa, in ka jona a bayan madabod baƙin allo kawai za ka gani ka ɗauka wani abu ya ƙone. Ram 16GB amma guda biyu masu 8, a rami na biyu da na huɗu, sannan ka shiga BIOS, wato shafin setin madabod, ka kunna XMP mai sa ram ta yi cikakken gudunta (a bod ɗin Asus DOCP suke rubutawa), in ba haka ba ka sayi mai gudun 3200 tana ta rarrafe ƙasa da haka ba ka sani ba.

Wajen ajiya, yi lissafi da kanka. Rikodin a 40,000 kbps megabait 5 ne duk daƙiƙa, awa ɗaya kusan 18GB kenan. Shi ya sa Windows da gem suna kan SSD mai 1TB, bidiyo kuma na ware musu had dis mai 2TB daban.

Sai maganar wuta, wadda masu bidiyon haɗa kwamfuta na Amurka ba sa ma kawo ta don ba damuwarsu ba ce. Nvidia 550W suka ce wa 3060, ni na sa pawa saflai 650W mai tambarin 80 Plus Bronze, kuma sabo dal, wannan ne kaɗai abin da na ƙi saye na hannu don in ya tashi tafiya ba shi kaɗai yake tafiya ba. Irin waɗannan na zamani ba duka ke shiri da ƙaramar inbata ko UPS mai araha ba, wani sa'in ana ɗauke wuta kwamfutar ta mutu duk da batir a cike yake, to ka tambayi inbata ko UPS mai fiya sain web (pure sine wave), wato mai ba da wuta irin ta NEPA, tun farko. Sannan a setin ɗin OBS ka bar nau'in fayil ɗin rikodin a MKV. Tsohon MP4 sai an rufe fayil ɗin yake kammaluwa, in wuta ta tafi ana tsaka da wasa duk abin da ka ɗauka ya ƙi buɗuwa, shi kuwa MKV har inda ya tsaya za ka samu, daga baya ka mayar da shi MP4 a cikin OBS ɗin, ko minti ɗaya ba ya ci.

Akwatin kwamfutar kuma na tsallake masu gilashi ta gaba da fitilu kala-kala, kyau kam akwai amma iska ba ta shiga, a zafin watan Afrilu ɗaki ma kansa ya isa. Mai raga a gaba na ɗauka, fanka biyu na shigar da iska ɗaya na fitarwa, na ɗora shi a kan tebur ba a ƙasa ba. Lokacin hunturu ragar nan har ja take yi saboda ƙura, sai in zare ta in kakkaɓe, cikin kuma in hure da bulowa ina riƙe da fanka da yatsa kar ta yi ta juyawa.

Yanzu abin da nake tara wa kuɗi ram ne, in kai ta 32GB, don wajen yanka bidiyo a DaVinci Resolve, 16GB ɗin tana cika.