Rigar da aka ɗinka a jiki

Binciken digirina na biyu a fiziks ya rataya ne a kan lamba guda, wadda masana ke kira w. Ita ce ke nuna halin ɓoyayyen ƙarfin nan da ke ƙara wa sararin samaniya saurin buɗewa, wanda ya kai kusan kashi 68 cikin ɗari na duk abin da ke cikinsa. A 1998 ne tawagar Saul Perlmutter da ta Brian Schmidt da Adam Riess suka hango alamarsa a hasken taurari masu fashewa.

Idan w ta tsaya cif a -1, ƙarfin ba ya canzawa, irin wanda Einstein ya sa a lissafinsa a 1917, gungun taurari za su yi ta nesa da juna har ko'ina ya yi duhu da sanyi. Idan kuwa ta yi ƙasa da -1 ta dawwama a haka, komai yagewa zai yi, har ƙwayar zarra.

Wata rana na ƙara wa lissafina ma'auni biyu da zan iya juyawa yadda nake so, sai layina ya bi bayanan taurarin sak. Da ɗoki na kai wa malamina, na ce, Allah gafarta malam, ya dace! Ya jima yana dubawa, sannan ya ce rigar da aka ɗinka a jikin mutum ai dole ta yi masa daidai, in je in gwada ta a jikin wani. Na gwada da bayanan tsohon hasken farkon halitta da tauraron ɗan'adam na Planck ya auna. Lissafin ya watse. Aikin wata huɗu ne, kuma har ga Allah abin ya yi mini ciwo.

Shi ya sa a watan Maris na 2025, da masu aikin DESI, na'urar auna hasken gungun taurari da ke tsaunin Kitt Peak a Arizona ta Amurka, suka ce mai yiwuwa ƙarfin yana raguwa, sashen kuskuren awo na fara buɗewa a rahotonsu. Ƙarfin hujjar, a ma'aunin sigma da ke nuna yadda zai yi wuya a ce sakamako sa'a ce kawai, 2.8 ne zuwa 4.2, gwargwadon wane tarin taurari masu fashewa aka haɗa da shi, alhali sai an kai 5 ake cewa an gano abu. Raina yana so ya tabbata, domin zai sake buɗe tambayar makomar sammai gaba ɗaya. Amma a babi na ƙarshe na kundina "alama" na rubuta, na jera sakamakon kowane tarin taurari daban.