Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Wardin Baba da Ragon Yaya

A makon jiya na tsaya ne a kan yadda muka tare a gidanmu na Malali da ke Kaduna tun ba a gama shafe ba, kuma na yi alkawarin ci gaba da labarin bashin da na ci don yin rufi. Sai dai ranar Talata da sassafe na fita ban ruwa, na tarar jan wardin Baba ya buɗe furanni bakwai a dare ɗaya, sai na ji ba zan iya rubuta komai a wannan makon ba in ba labarinsa ba. Maganar bashi ta jira, tunda an daɗe da biyansa.

Duk wanda ya san gidanmu na Tudun Wada ya san cewa Baba, Allah ya jiƙansa, aikin lambu ya yi a gidan wani Bature a unguwar Turawa tun kafin a sami mulkin kai a 1960. Matar Baturen ce ta koya masa kula da wardi, kuma da za su koma Ingila ta ce ya yanki reshen duk wanda ransa yake so. Ya yanko uku, ya naɗe su a jiƙaƙƙen buhu, ya ɗauro a bayan keke, ɗaya ne kawai ya kama. Ya dasa shi a bayan ɗakin Inna, dab da inda ake alwala, domin ruwan da yake gangarowa ya riƙa isa gindinsa. Ja ne, furensa bai kai tafin hannun yaro ba, ƙamshinsa kaɗan ne sai an kusance shi, kuma har yau ban san sunan da Turawa suke kiransa da shi ba. Mu dai wardin Baba muke ce masa, mutanen unguwa kuwa fulawa suke cewa, kamar yadda suke kiran duk abin da ya yi fure.

Baffa, wanda gidan yake hannunsa a matsayinsa na babba, bai taɓa son shukar nan ba. Duk sanda ya ga Baba ya durƙusa yana tsince busassun ganyaye sai ya tsaya a kansa ya ce, "Shukar da ba ta shiga tukunya ba shuka ba ce, hidimar banza ce." A ganinsa wurin ya isa a sa zogale ko yakuwa. Baba bai taɓa mayar masa da magana ba, iyakarsa ya ce, "Haka ne, Yaya," ya ci gaba da abin da yake yi. Ina yaro a lokacin, amma maganar tana suka na fiye da ƙayar wardin, domin a gaban mata da yara ake yin ta. Na sha yi wa Baffa uzuri da cewa wanda ya ga farin 1973, lokacin da hatsi ya gagari talaka, dole ya riƙa auna kowace shuka da tukunya. Amma gaskiya ita ce tun kafin farin yake faɗin haka, kuma bayan an koma ƙoshi bai daina ba.

Da na sami fili a Malali, ban kai ko tabarma ba sai da na kai reshen wardin nan. Baba ya riga ya rasu, amma na ga yadda yake yi sau da yawa. Ana zaɓar reshen da ya gama fure, mai kaurin fensir, a yanke shi tsawon taƙi guda, a cire ganyen ƙasa a bar biyu a sama, a soka rabinsa cikin yashin kogi da aka gauraya da baƙar ƙasa, a ajiye a inuwa, kada ƙasar ta bushe kuma kada ta yi caɓi. Bayan wata ɗaya zuwa biyu, idan Allah ya yi, sai a ga sabon toho. Ƙasar filina jar marmara ce wadda diga take tsalle a kanta da rani, don haka sai da na haƙa rami zuwa gwiwa, na cika shi da takin shanu da ƙasar juji. Kuskurena na farko shi ne takin bai gama ruɓewa ba, gara ta bi shi ta cinye mini saiwar dashe biyu kafin in gane. Tun daga nan ba na sa taki sai wanda ya kwana damina guda a tare, kuma ina barbaɗa toka a kewayen gindin.

Shekarun da suka biyo baya na haihuwar yara ne da neman kuɗin makaranta, ba abin da zan ce a kansu a nan. Wardin yana nan yana fure, ba wanda ya kula da shi sai ni.

Abin da ya tayar mini da kwaɗayi tafiyar aiki ce zuwa Jos. A can na ga wardi irin wanda ban taɓa zaton ana samu a ƙasar nan ba, fure ɗaya ya cika tafin hannun babba. Dalilin ba boyayye ba ne, Jos tana kan tsauni, tudunta ya kai kimanin mita 1,200, wato kusan ninki biyu na Kaduna, darenta kuma yana da sanyi kusan duk shekara, wardi kuwa sanyin dare yake so. Na sayi guda huɗu 'yan aure a cikin leda, kowanne da sunansa a rubuce a guntun kwano, na riƙe su a cinya tun daga tasha har Kawo don kada kaya su danne su. Akwai Mister Lincoln, ja mai duhu wanda ƙamshinsa yake cika tsakar gida. Akwai Queen Elizabeth, ruwan hoda, wanda aka fitar a 1954. Akwai Iceberg, fari sol, ɗan ƙasar Jamus na 1958, wanda yake fitar da furanni a dunƙule, biyar ko fiye a kan reshe ɗaya. Na huɗun shi ne Peace, ruwan ɗorawa mai bakin ruwan hoda, wanda wani Bafaranshe, Francis Meilland, ya samar, aka raɗa masa wannan suna na zaman lafiya a Amurka a 1945, daidai lokacin da yaƙin duniya na biyu yake ƙarewa. Shi na fi so, kuma shi ya fi wahalar da ni.

Hunturun farko sun yi abin da ya sa maƙwabta suka riƙa leƙowa ta katanga, ni kuma na riƙa jin kaina kamar na fi Baba iyawa, Allah ya yafe mini. Da bazara ta shigo a watan Maris, sai furen Mister Lincoln ya fara ƙonewa daga baki tun kafin ya gama buɗewa, ya koma kamar tsohon ƙyalle, furannin sauran kuma suka ƙanƙance, launinsu ya koɗe. Na ɗauka damina za ta kawo sauƙi, ashe ita ce babbar jarrabawa. Cikin Agusta, lokacin da Kaduna take kwana uku ba a ga rana ba, baƙaƙen ɗigo suka bayyana a ganye, ganyen ya yi rawaya ya zube, har Peace ya koma tsinke tsirara. Daga baya na fahimci cewa cutar tana yaɗuwa ne ta hanyar ruwan da yake fantsama daga ƙasa zuwa ganye, don haka dole a tsince duk ganyen da ya faɗi a ƙone shi, a rage rassan tsakiya don iska ta ratsa, da rani kuma a zuba ruwa a gindi da safe, ba a kan ganye ba. Ɗarɓa da take taruwa a kan sabon toho kuwa, 'ya'yan dogon yaro nake dakawa in jiƙa su kwana, in tace, in sa ɗan sabulu in fesa. Duk wannan hidimar, wardin Baba yana gefe bai nemi ko ɗaya daga ciki ba, 'yan ganye kaɗan yake zubarwa ya ci gaba da furensa.

Mister Lincoln da hannuna na kashe shi, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Wardi ɗan aure jiki biyu ne, akwai uwa a ƙasa mai ƙarfin saiwa, akwai kuma irin da aka ɗaura mata a sama, mahaɗarsu tana nan kamar ƙulli kusa da ƙasa. Wata damina sai ga wani reshe ya fito daga ƙarƙashin ƙullin, kore shar, yana tsawo kamar ana jan sa. Na yi murna, har na kafa masa sanda. Ban lura ba cewa ganyensa ƙanana ne kuma bakwai-bakwai suke a jere, alhali na saman biyar-biyar ne manya. Uwar ce ta tayar da nata, ta janye abincin duka, kafin shekara ta zagayo na sama ya bushe. Abin da ya kamata shi ne in tone in fizge reshen daga tushensa tun yana ƙarami. Queen Elizabeth da Iceberg su ne suka yarda da Kaduna, na farkon ya fi ni tsawo yanzu, na biyun kuma ba ya gajiya da fure, ko da yake ƙamshinsa bai taka kara ya karya ba.

Peace kuwa sai da na yi shekara uku ina lallashinsa. Na matsar da shi inda rana take samunsa daga hantsi zuwa azahar, katanga ta kare shi da yamma, na yi masa aski a ƙarshen Oktoba kamar yadda nake yi wa sauran, ina yanka kowane reshe a karkace a saman idon da yake kallon waje. A shekara ta uku ya ɗaure ƙullin fure tara, na ƙidaya su da yatsa. Ana saura kwana huɗu Babbar Salla, Yaya, babban ɗan Baffa, ya zo da ragon layyarsa ya ce gidansa ba wuri, a ajiye masa a nawa. Ba na nan, matata Hajiya kuma ba za ta iya hana shi ba. Duk faɗin tsakar gidan nan bai ga wurin ɗaure rago ba sai jikin famfo, da igiya mai tsawon da ta isa har gindin katanga. Da na dawo bayan la'asar, ba ganye ba ƙulli, har ɓawon reshen ragon ya ɓare zuwa ƙasa da mahaɗar.

Da ya zo ɗaukar ragonsa na nuna masa, na ce, "Yaya, dubi abin da aka yi mini." Ya duba, ya yi dariya, ya ce, "Haba ƙanena, a kan fulawa? Ai ka san abin da tsoho yake cewa, shukar da ba ta shiga tukunya ba shuka ba ce. Yanzu ga shi ta shiga rago, rago kuma zai shiga tukunya." Yaran da suke wurin suka kwashe da dariya. Na buɗe baki, sai na ji abin da ya fito shi ne, "Haka ne, Yaya." Wannan amsar ta fi ɓarnar ragon ci mini rai, kuma har yau idan na tuna sai in ji ɗaci a maƙogwaro. Cinyar da ya aiko mana ranar Salla ban taɓa ta ba. Bai ba ni haƙuri ba, a ranar ko bayanta, kuma ina rubuta wannan ne da sanin cewa 'ya'yansa suna karantawa.

Shekarar da Allah ya kira mu aikin Hajji, Hajiya ta sayi wata 'yar kwalbar man wardi a Makka da tsadar da ta sa muka yi musu a kasuwa. Mai shagon ya ce na Ɗa'ifa ne, garin da yake kan duwatsu gabas da Makka. A can ake noma wani wardi ruwan hoda mai tsananin ƙamshi, dangin wardin Dimashƙa, wanda yake fure sau ɗaya a shekara wajen Maris da Afrilu. Ana tsinke shi da asuba kafin rana ta kwashe ƙamshin, a zuba a manyan tukwanen tagulla da ruwa, a rufe a hura wuta, tururin ya bi bututu ya huce, ruwan wardi ya taru, man kuma ya taso a samansa. Da shi ake haɗawa da ruwan Zamzam wajen wanke ɗakin Ka'aba, ana kuma ɗiga ruwan a shayi da kayan zaƙi. Ina tsaye a shagon nan ba abin da ya faɗo mini sai Baffa. Ashe akwai wardin da yake shiga tukunya, har abin da ya fito daga tukunyar ya kai inda zogale bai taɓa zuwa ba. Na yi baƙin cikin cewa Baba bai rayu ya ji wannan ba, domin na tabbata ko bai faɗa wa yayansa ba, zai riƙa murmushi idan ya durƙusa a bayan ɗakin Inna.

Da muka dawo na sa cigiya, har wani mai lambu a Jos ya ba ni dashe ya ce wannan irin ne. Ya kama, ya yi ganye masu kaushi da ƙananan ƙayoyi birjik, ya bazu har ya tare hanyar zuwa rijiya, amma shekara tara ke nan bai yi fure ko ɗaya ba. Irin nan yana buƙatar sanyi na gaske wanda zai kwantar da shi kafin ya farka ya yi fure, hunturun Kaduna kuwa bai kai ba. Hajiya ta ce in cire shi in ba ta wurin ta sa albasa mai lawashi, na ce a ƙara masa shekara ɗaya, kuma bara ma haka na ce.

A wajen sunan jikar Yaya, bayan an shafa fatiha mutane sun ragu, na matsa kusa da shi na ba shi labarin tukwanen Ɗa'ifa tiryan-tiryan, tun daga tsinka har zuwa wankin Ka'aba, domin na daɗe ina ajiye masa shi. Ya saurara har na gama, yana ɓare goro, sannan ya ce, "Ikon Allah. To, naka na gida ya shiga tukunyar?" Ban ce masa haka ne ba a wannan karon, na yi shiru ne kawai, na tashi na nemi takalmina.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan koma kan bashin rufi da yadda kwano ya yi tsada a hannuna bayan canjin kuɗi na 1984.